Kama da Wane Ba Ta Wane: Rubutu Ɗaya, Ma'ana Barkatai a Harsunan Duniya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda jerin haruffa guda kan fito a harsuna da yawa, kowane harshe da abin da yake nufi da shi. Ta bi sawun abin da ke jawo haka, tun daga dace tsagwaronsa, zuwa kalmomin gado da na aro da ma'anarsu ta zame, har zuwa ga rubutun da ke barin wani ɓangare na furuci a waje. Matsayarta ita ce, muddin akwai cikakkiyar jimla, mai karatu kan warware mafi yawan ruɗanin da kansa. Hatsarin yana wurin da kalma ta tsaya ita kaɗai, kamar a jikin kwalbar magani, ko allon sanarwa, ko cikin na'ura, kuma a nan ne marubucin Hausa yake da aiki a gabansa.

Haruffa huɗu

Duk wanda ya san Kano ya san Bata. 'Yan adaidaita sahu na kiran sunan tun daga safe har dare, mai zuwa kasuwar Sabon Gari kuma a nan yake sauka. Sunan na kamfanin takalma ne, wanda Tomáš Baťa da 'yan uwansa biyu suka kafa a 1894 a garin Zlín, cikin ƙasar Cek ta yau. A harshensu akwai 'yar alama a jikin harafin t wadda ke sa a furta sunan kusan "Batya". Da kamfanin ya bazu a duniya sai alamar ta faɗi a hanya, haruffa huɗu suka rage.

Haruffan nan huɗu ba na kowa ba ne. Bayarabe ya gan su, takalmi zai fara tunawa, domin "bàtà" ke nan a harshensa. In kuwa murya ta hau a gaɓar ƙarshe, "bàtá", to ganga ce, irin wadda ake kaɗa wa Sango, abin bautar gargajiya na Yarbawa. Mutumin Darussalam ko Mombasa agwagwa zai gani. A Manila yaro ne, a Jakarta tubalin gini, a Madrid rigar da ake zumbulawa a cikin gida ko wadda likita ke ɗorawa a kan kayansa. A Ikwatoriyal Gini sunan wani babban birni ne a bakin teku.

Shi ma Bahaushe bai tsira ba, kai nasa ya fi zafi, domin a cikin gidansa abin yake. Uwa ta buɗe wayarta ta ga saƙon da aka rubuto mata game da ɗanta: "ya bata kudin". Ko dai ya ba ta kuɗin, wato ya miƙa wa wata, ko kuma ya ɓata kuɗin, wato ya yi almubazzaranci da su. Saƙon bai faɗa ba. Ƙugiya ɗaya da tazara ɗaya ne suka faɗi, amma tsakanin ma'anonin biyu akwai sa albarka da faɗa.

Filin ya yi kaɗan

Dalili na farko lissafi ne kawai. A ɗauki baƙaƙe 20 da wasula 5, za a sami gaɓoɓi 100 masu zubin baƙi da wasali, irin su ba, ki, mu. A haɗa biyu-biyu, za a sami kalmomi 10,000. Harsunan duniya sun haura 7,000, kuma babu tsarin rubutun da ya kai haruffan Latin, waɗanda muke kira boko, yaɗuwa a cikinsu. Hausa da Suwahili da Italiyanci da Japananci da harshen Indunusiya duk masu son gaɓar baƙi da wasali ne, kuma kowanne ya zuba kalmominsa na yau da kullum a cikin wannan ɗan fili. Da a ce ba sa karo da juna, da shi ne abin mamaki.

Kalmar "mai" ta isa misali. A Hausa kaɗai ita ce man gyaɗa da man fetur, ita ce kuma ta "mai gida". A Barbarci sarki ne, shi ya sa ake cewa Mai Idris Aloma. A Faransanci da Jamusanci watan Mayu ne. Ɗan Italiya na nufin "faufau" da ita, mutumin Biyetnam na nufin gobe, Bashone a Zimbabuwe kuma uwa. Haka "kai": Bahaushe na da na jiki, da na "kai ne", da na "kai masa", Bagirke na nufin "da", mutumin Hawayi teku, Maori na Niyu Zilan abinci, Bajamushe kuma dandamalin da jirgin ruwa ke tsayawa.

"Gari" tana da labari mai daɗin bi. A Suwahili mota ce, kalmar da ta ƙetaro teku daga harsunan Indiya. A gidan cin abincin Japanawa yankakkiyar citta ce da aka jiƙa a ruwan tsami. A Birazil kuwa mai sharar titi ne, kuma an san ranar da sunan ya samo asali: a 1876 gwamnati ta ba wani Bafaranshe mai suna Aleixo Gary kwangilar tsabtace birnin Riyo, sai jama'a suka riƙa kiran ma'aikatansa da sunansa har ya bi sana'ar. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya haɗa komai da garin Katsina ko garin masara.

Akwai rukunin da dacensa ke da dalili. "Baba" uba ne a Hausa da Yarbanci da Suwahili da harshen Turkiyya, amma a Bulgeriya da Sabiya kaka mace ce. "Dada" 'yar'uwa ce a Suwahili, kakan wajen uba ne a Indiyanci, Fulani kuma da "daada" suke kiran uwa. A Jojiya "mama" uba ne, uwa kuma "deda". Roman Jakobson ya yi bayanin wannan a wata maƙala ta 1960, bisa bayanan da George Murdock ya tattaro: sautukan leɓɓa da na gaban baki haɗe da wasalin a su jariri ke fara iyawa, sai manya su ɗauka su liƙa wa wanda ke kusa da shi. Kowace al'umma da wanda ta liƙa wa.

Kafin ma a kai ga kalma, harafi ɗaya ba ya faɗin abu ɗaya a ko'ina. Harafin c da Bahaushe ke rubuta "ciki" da shi, a Turkiyya j yake, shi ya sa suke rubuta masallaci "cami". A Somaliya shi ne ainun na Larabci, don haka "Cali" sunan Ali ne, alhali a Kolombiya sunan birni ne da ake furtawa Kali. A Zulu kuwa wani sauti ne mai kama da tsaki. Saboda haka "can" da ke nuna nesa a Hausa, da "can" ta iyawa a Ingilishi, da "can" ta rai a Turkiyya, a takarda kawai suka haɗu. Kunne ba zai taɓa rikita su ba.

Jarabar neman dangi

A nan ne mai son tarihi kan yi tuntuɓe. Ganin kalma ɗaya a harsuna biyu yana da daɗi, zuciya kuma tana saurin cewa asalinmu ɗaya. Akwai Kano a Nijeriya, akwai kuma Kanō Jigorō, Bajapanen da ya kafa wasan judo a 1882. Edo jiha ce a kudancin Nijeriya, kuma shi ne sunan Tokiyo har zuwa 1868. A 2008 wani ƙaramin gari a Japan mai suna Obama ya yi suna a duniya saboda ɗan takarar shugabancin Amurka, alhali sunan garin na nufin ƙaramin gaɓar teku, shi kuwa na ɗan takarar daga Luo na Kenya ya fito. A kan irin wannan kamanni ake gina zantukan cewa wata ƙabila daga wata ƙasa mai nisa ta taso.

Masana harshe suna da misalin da suke koya wa ɗalibai don maganin wannan jaraba. Lokacin da R. M. W. Dixon ke nazarin harshen Mbabaram na arewa maso gabashin Ostireliya, wanda a lokacin bai fi 'yan tsirarun masu jin sa ba, ya tarar sunan kare a harshen "dog" ne, daidai da Ingilishi a furuci da ma'ana. Ba aro ba ne. Ya nuna cewa kalmar ta fito daga tsohuwar siga "gudaga", wadda maƙwabtan harsuna suka riƙe, ta hanyar sauye-sauyen sauti da suka shafi sauran kalmomin harshen baki ɗaya. Haka "bad" ta Farisanci da ta Ingilishi: furuci kusan ɗaya, ma'ana ɗaya, tushe daban. In har kalmomin da suka dace ta kowace fuska za su iya zama bare ga juna, ina ga waɗanda haruffa kawai suka haɗa?

Hausa ma ta ɗanɗana. An daɗe ana maimaita cewa "boko" daga kalmar Ingilishi ta littafi ta fito. A 2013 Paul Newman ya rushe wannan zance. Hujjarsa ita ce, da aro ne da wasalin u za a ji, kamar yadda kalmar Ingilishi ta mai dafa abinci ta zama "kuku", kuma Hausa na da "boko" tun da can da ma'anar abin da ba na gaske ba, kamar a "amaryar boko".

Dangantakar gaskiya ba ta cika bayyana a fuska ba. Abin da ya sa Joseph Greenberg da waɗanda suka biyo bayansa suka sanya Hausa da sauran harsunan Cadi a gida ɗaya da Larabci da Ibrananci da harshen tsohuwar Masar shi ne tsarin nahawu, kamar t da ke nuna jinsin mace, da tsofaffin saiwoyi irin na "mutu" da "suna". Kama da wane ba ta wane.

Kalmomin da suka rabu a hanya

Wani rukunin kuma 'yan uwa ne na haƙiƙa, zaman wurare daban-daban ne ya sauya su. A 1928 wasu Faransawa biyu, Maxime Kœssler da Jules Derocquigny, suka wallafa littafi a kan kalmomin Ingilishi da ke yaudarar mai fassara Bafaranshe, suka laƙaba musu "faux amis", wato abokan ƙarya. Sunan ya zauna har yau.

Mafi shahara ita ce "gift". A Ingilishi kyauta ce, a Jamusanci guba. Tushensu ɗaya, daga aikatau mai nufin bayarwa. Jamusawan da suka gabata sun yi amfani da ita wajen fassara kalmar likitoci ta Girkanci mai nufin abin da aka ba majiyyaci, sannan aka riƙa sakaya sunan guba da ita, har sakayar ta cinye ma'anar asali. Tsohuwar ma'anar ta maƙale a "Mitgift", wato kayan da amarya ke zuwa da su gidan miji. A Suwidin kuwa "gift" na nufin guba, tana kuma nufin mai aure, wanda aka bayar.

Irin wannan sakayar ce ta faɗa wa wata kalma da Bahaushe ke furtawa a kowace gaisuwa. "Lafiya" daga Larabci take, "al-afiya". A Masar da Sham da Makka, in aka yi wa mutum addu'ar Allah ya ba shi afiya, an yi masa fatan alheri. A Larabcin Maroko kalmar wuta take nufi. Mutane sun guji ambaton "nar" saboda tana tuna wutar lahira, suka sa kyakkyawar kalma a madadinta, kamar yadda Bahaushe ke cewa igiyar ƙasa da dare don kada ya ambaci maciji. Ɗalibin da ya tafi karatu Fas ko Rabat da Larabcin da ya koya a littafi yana bukatar wanda zai ja masa kunne a kan wannan. Haka "garib", baƙo a Larabci, amma matalauci a Urdu da Indiyanci, kamar yadda masu kallon finafinan Indiya suka sha ji.

Abin bai tsaya ga haruffan boko da na Larabci ba. Sinawa da Japanawa sun yi tarayya a dubban alamomin rubutu, amma 手紙 wasiƙa ce a Tokiyo, a Bejin kuma takardar shiga bayi. Alamar 娘 'ya ce a Japan, uwa ce a Sin.

Inda lamarin ya shafi aljihu shi ne lambobi. "Billion" a Ingilishin yau miliyan dubu ne. A Faransanci da Jamusanci miliyan sau miliyan ne, miliyan dubu kuma "milliard" suke ce masa. Ita kanta gwamnatin Birtaniya sai a 1974, zamanin Harold Wilson, ta koma lissafin Amurka. Ɗan jaridar da ke fassara kasafin kuɗi daga takardar Faransanci, in ya bi kamannin rubutu, zai yi kuskure ninki dubu. Ko a cikin Hausa, iyaka ta raba ma'ana: "dala" a kasuwar Maraɗi sefa biyar ce, a Kano kuɗin Amurka ne ko dutsen da ke tsakiyar birni, jaka a Nijeriya naira 200 ce, jika a Nijar sefa 1,000.

Iyakar nan dai ta sa Bahaushe tsakanin harsunan Turawa biyu. Ɗan Katsina da ya yi boko da Ingilishi, in ya shiga Maraɗi, zai ga "pain" a saman shagon burodi, kalmar da ya sani da ciwo. Zai ga "location" a inda ake ba da hayar motoci ko kujeru. "Sale" da ya saba gani a shagon da aka karya farashi, a can ƙazanta take nufi, a Italiya gishiri, a gida kuma sunan maƙwabcinsa ne.

Abin da boko ya bari a waje

Hausa harshe ne mai karin sauti, mai kuma bambanta dogon wasali da gajere. Rubutun boko na yau da kullum bai nuna ko ɗaya ba. Tun daga ƙa'idojin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, zuwa aikin Rupert East a Zariya da fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, an zaɓi sauƙin bugawa da sauƙin koyo, aka bar wa mai karatu sauran aikin. Ƙamusoshi ne suka ɗauki nauyin nuna karin sauti da tsawon wasali, tun daga na Bargery na 1934 har zuwa na Newman na 2007.

Sakamakon yana ko'ina. "Fari" launi ne, rashin ruwan sama ne, jam'in fara ne, kuma shi ne na ɗan fari. "Fito" kira ne a fito waje, busa ce da baki, kuma ƙetarar da mutane kogi ne a kwalekwale. "Baba" uba ne in murya ta fara daga ƙasa, inna ce ko goggo in ta fara daga sama ta sauko, sannan ga babar rini. Malamin zaure da ke rubutu da ajami ya fi ɗan boko sa'a ta wannan fuska, domin alif da wawun da ya'un suna nuna masa tsawon wasali. Garin tuwo yana da alif bayan baƙin farko, garin da mutane ke zaune ba shi da shi. Ido na ganin bambancin kafin a kai ƙarshen jimla.

Wanda ya fi zurfi a nahawu yake. "Ya tafi" a rubuce abu ɗaya ne, a baki kuwa huɗu. Da dogon wasali labari ne, tafiyar ta auku. Da gajere mai hawa, shi ne na "lokacin da ya tafi". Da gajere mai sauka umarni ne ko izini, a bar shi ya tafi. Da dogo mai faɗuwa kuma alkawari ne na nan gaba, zai dai tafi. Alƙalin da ke karanta rubutacciyar shaida, ko mai fassara saƙon da aka tsinta a waya, yana iya cin karo da jimlar da ba a san ko rahoto ce ko umarni ba.

Maƙwabta sun bi wasu hanyoyi. Yarbanci na sa alamar karin sauti, don haka "ọkọ" miji, "ọkọ́" fartanya da "ọkọ̀" abin hawa sun rabu a takarda, in marubuci ya yi haƙurin sa alamomin. A Ibo "akwa" kuka ne, ƙwai ne, tufa ne, gado ne, gwargwadon hawa da saukar murya. Fulatanci, tun bayan taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966, yana ninka wasali in dogo ne, haka ma Somaliyanci tun 1972. Mutanen Finlan da dabarar ninka harafi suke raba "tuli" wuta, da "tuuli" iska, da "tulli" kwastan.

Wannan giɓi na tsarin rubutu ne, ba laifin kowa ba. Amma akwai wanda marubuta ke ƙarawa da hannunsu, wato zubar da ƙugiya. Baƙaƙen ɓ, ɗ, ƙ sun zauna a rubutun Hausa tun shekarun 1930, kuma kowannensu na da gurbinsa a tsarin Unicode da wayoyi da kwamfutoci ke aiki da shi. Duk da haka kullum ana ganin "an yi hadari a hanyar Zariya", mai karatu bai san ko ya nemi lema ba ko ya yi salati. "Baki" ta haɗiye baki na magana, da baƙin launi, da baƙin da suka sauka a gida. "An kare" ba ta bambanta wanda aka tsare da abin da ya ƙare ba. Mai wannan takarda na ganin wannan asara ce da ba ta da uzuri a yau, domin madannin Hausa yana cikin kusan kowace wayar zamani, saita shi kawai ake yi.

Ƙwaƙwalwa, na'ura da kwalbar magani

Me ke faruwa a kan mai harshe biyu in ya ci karo da irin waɗannan kalmomi? An auna. A 1987 Cécile Beauvillain da Jonathan Grainger suka gwada masu jin Faransanci da Ingilishi da kalmomi irin su "coin", wadda ke nufin lungu a Faransanci, tsabar kuɗi a Ingilishi. Sun tarar ko mutum na karatu da Faransanci, ma'anar Ingilishin na farkawa na ɗan lokaci. Ton Dijkstra da abokan aikinsa a Nijmegen ta ƙasar Holan sun faɗaɗa binciken da kalmomi irin su "room", ɗaki a Ingilishi, kirim ɗin madara a harshen Holan, har shi da Walter van Heuven suka fitar da wani tsarin bayani a 2002. Abin da ya fito shi ne ƙwaƙwalwa ba ta rufe harshe ɗaya don ta buɗe ɗaya. Duka ma'anonin ke tasowa, sannan jimla da halin da ake ciki su zaɓi guda, cikin ƙasa da daƙiƙa.

Ɗan Hausa mai karanta Ingilishi yana cikin wannan hali fiye da yadda ake zato. A watan Afrilun 2018, da wasu suka kutsa zauren Majalisar Dattawan Nijeriya suka ɗauke sandar majalisa, kanun jaridun Ingilishi sun cika da kalmar "mace", wadda ita ce sunan sandar a harshen. Idon Bahaushe mutum yake fara gani a wurin. Irinta suna da yawa: dare, game, take, same, bare, bore, fate, dole, rake. Har cikakkiyar jimla ana iya ginawa. "Sun sake rage wake" Hausa ce tsantsa, kukan mai sayen abinci, amma kowace kalma a cikinta tana cikin ƙamusun Ingilishi.

Mutum na wuce wannan ba tare da ya lura ba. Na'ura kuwa haruffa take ƙirgawa. Manhajar da ke tantance harshen da aka yi rubutu da shi, ko mai gyara kuskuren rubutu a waya, ko mai fassara irin Google Translate, wadda ta shigar da Hausa a 2013, duk daga tarin rubutun da aka ba su suke koyo. In tarin cike yake da "kasa" a wurin ƙasa, da "shine" a wurin "shi ne", da "bata" a wurin abubuwa uku, to abin da za su koya ke nan, kuma shi za su dawo wa jama'a da shi. Gajeren saƙo ya fi wahalar da su, domin babu jimlolin gefe da za su jingina da su.

Mazambata ma sun gano amfanin kamanni. Harafin a na boko da na Rashanci ba su da bambanci a ido, amma a wurin kwamfuta lambobinsu daban. A 2002 Evgeniy Gabrilovich da Alex Gontmakher na jami'ar Technion suka nuna ana iya yin rajistar adireshin intanet mai kama da na Microsoft ta hanyar sauya haruffa biyu da na Rashanci. A 2017 Xudong Zheng ya maimaita haka da sunan Apple, dukkan haruffan daga tsarin rubutun da Rashanci ke amfani da shi.

Kamfanoni kan kashe kuɗi don kauce wa irin wannan. Motar Mitsubishi da aka sani da Pajero a Nijeriya, Montero ake kiran ta a Sifen da yawancin ƙasashen Amurka, domin sunan farkon zagi ne na batsa a Sifaniyanci. Sai dai ba duk labarin da ake yaɗawa ne gaskiya ba. Zancen cewa motar Chevrolet Nova ta ƙi sayuwa a Latin Amurka saboda "no va" na nufin ba ta tafiya ƙage ne. Motar ta sayu a Meziko da Benezuwela.

Wurin da abin ke zama batun rai shi ne magani. "Once" a Ingilishi sau ɗaya ne, a Sifaniyanci goma sha ɗaya. Wani bincike da Iman Sharif da Julia Tse suka wallafa a mujallar Pediatrics a 2010 ya duba takardun da kantunan magani na unguwar Bronx a birnin Niyu Yok ke liƙa wa kwalabe bayan kwamfuta ta fassara su zuwa Sifaniyanci. Kimanin rabinsu na da kuskure, ciki har da barin kalmomin Ingilishi a tsakiyar jimlar Sifaniyanci. Uwar da ba ta jin Ingilishi, ta ga wannan kalma a kan maganin ɗanta, ba ta da wata jimla ta gaba da za ta gyara mata fahimta. 'Yar takarda ce mai layi biyu, ga yaro kwance da zazzaɓi.

Wannan ne ya sa maƙalar ba ta goyon bayan a cika jarida da littafin hira da alamomin karin sauti. Mai karatu Bahaushe ya fi shekara ɗari yana karanta boko ba tare da su ba, kuma doguwar jimla na ɗauke masa nauyin. Amma ƙugiya da raba kalmomi wajibi ne a kowane rubutu, tun daga saƙon waya har zuwa allon kan titi da katin shaida, inda Ɗanladi da Ƙanƙara da Maraɗi suka cancanci a rubuta su yadda masu su ke faɗa. Alamar tsawon wasali da ta karin sauti kuma a kai su inda kalma ke tsayawa ita kaɗai: ƙamus, littafin koyon karatu na 'yan aji ɗaya, jerin sunayen magunguna da cututtuka, da rubutun da ake tarawa don koyar da na'ura. Umarnin shan magani da aka fassara zuwa Hausa ya kamata adadinsa ya zo da lamba da kuma kalma, sannan a ba wani wanda bai ga asalin ba ya karanta da ƙarfi kafin a buga.

Ga masu bincike kuma, gwajin da aka yi a Faransa da Holan ya dace a yi irinsa a nan. Ɗaliban sakandare na Katsina da na Maraɗi harshen uwarsu ɗaya, harshen makarantarsu daban, tazarar da ke tsakanin garuruwan kuma ba ta kai kilomita 100 ba. A ba rukunin farko kalmomi irin su mace, rage da dare, a ba na biyu irin su mai, gare da sale, a cikin jimla da kuma su kaɗai, da ƙugiya da babu ƙugiya inda ta shafa, a auna tsawon lokacin da kowanne ke ɗauka kafin ya tsayar da ma'ana. Kayan aikin ba su wuce kwamfuta ɗaya da aji mai shiru ba, kuma jami'o'in garuruwan biyu za su iya ɗaukar nauyinsa tare.